Shida da Bakwai: Tarihin Karanta Fuskar Kansar Huhu

Wanda ya taɓa cin kasuwar Sabon Birni ko ta Isa ya san ba a tambayar dattijon Bagobiri asalinsa. Fuskarsa ta riga bakinsa magana, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. A zamanin hare-hare, tun Alƙalawa na tsaye har bayan faɗuwarta a 1808, lokacin da Gobirawa suka watsu, wasu suka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, tsaga ta wuce ado. Takardar shaida ce. Mai tsaron ƙofa ya dubi kunci, ya ga na gida ne, ya sauke mashi. Sai dai wanzami ya san abin da mai tsaron ƙofa kan manta: aska ba ta tambayar asali, duk kuncin da aka miƙa mata tsagawa take yi.

Likitoci sun shafe fiye da shekara ɗari kafin su gane cewa da irin wannan dabara kansa, wato ciwon daji, take wuce masu gadin jiki. Tana yi wa kanta tsagar 'yan gida. Da suka gane, suka haɗa maganin da ke tona mata asiri, sai suka faɗa wata matsalar da har yau ba su fita ba: maganin yana tayar da wanda aka fid da rai da shi, ga wani kamar an zuba ruwa a kwando, wani kuma shi ne ajalinsa, kuma dole a san wane ne wane tun kafin a ɗaura ruwan farko.

Matsalar ta girmi maganin. A watan Janairun 1891 wata budurwa mai suna Bessie Dashiell ta rasu a Amurka, bayan wani matashin likitan fiɗa na Niyok, William Coley, ya yanke mata hannu don ya tsayar da kansar da ta kama ta. Abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga tonon tsofaffin takardun asibiti, ya ci karo da labarin wani Bajamushe, Fred Stein, wanda ƙarin wuyansa ya gagari wuƙa, sai ya kamu da wata cutar fata mai zafin zazzaɓi, da zazzaɓin ya sauka ƙarin ma ya baje. Coley ya bi unguwannin talakawa gida-gida har ya same shi da ransa, shekara bakwai bayan haka. A cikin shekarar ya ɗauki ƙwayoyin wannan cuta ya tsira wa wani Ba'italiye mai suna Zola. Zola ya yi zazzaɓin da ya kusa kai shi, ƙarin ya narke, ya ƙara shekara takwas a duniya. Wasu biyu da aka yi wa irin allurar, cutar da aka sa musu ce ta kashe su. Coley ya koma amfani da matattun ƙwayoyin cuta, ya yi wa mutane wajen dubu, amma har ya rasu a 1936 bai iya duban majiyyaci ya ce wannan zai tashi, wancan zai wahala a banza ba. Da gashi da hasken radiyam ya samu karɓuwa, sai aka tura aikinsa gefe. Ban ga laifin abokan aikinsa sosai ba. Likita ba ya son maganin da yake kamar caca.

Akwai ragowar wannan tunani a damtsen kusan duk wanda aka kai rigakafi yana jariri a Isa ko Gatawa. Lambar nan ta BCG, rigakafin tarin fuka da aka fara yi wa mutane a Faransa a 1921, ita ce a 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya zuba a mafitsarar masu kansar mafitsara, garkuwar jiki ta harzuƙa ta far wa ƙarin. Har gobe ana yin haka. A shekarun 1970 an gwada zuba ta a ƙirjin waɗanda aka yi wa fiɗar kansar huhu, da aka faɗaɗa gwajin ba a ga amfani ba. Daga nan magana ta zauna a bakin masana cewa kansar huhu ba ta jin kiran garkuwar jiki.

Ita kuwa cutar ba ta tsaya jiran kowa ba. A 1912 wani likita, Isaac Adler, ya tattara duk rahotannin kansar huhu da ya iya samu a duniya, ya ƙirga 374 kacal. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill a Ingila, da Ernst Wynder da Evarts Graham a Amurka, suka nuna hannun sigari a ciki. A ƙiyasin 2022 ta kama mutum miliyan biyu da rabi a shekara guda, ta kashe miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, babu kansar da ta kai ta kisa. Mu ma ba baƙin taba ba ne. Tun farkon ƙarni na 17 malaman Tumbutu ke gardama a kanta, Ahmad Baba yana cikin waɗanda suka ga halaccinta. Kakanninmu sun sha ta a lofe, sun gumtsi taba gari, mata sun goge haƙora da fure. Kamfanin taba ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937, a Zariya a 1959, kuma fadamun yankin Shinkafi, maƙwabciyar Isa, suna cikin inda aka noma masa ganye. Yaran da suka fara zuƙa a wancan zamani su ne tsofaffin yau.

Amsar da Coley ya rasa ta fito ne daga ɗakunan bincike biyu da ba huhu suke nema ba. A jini akwai wasu fararen ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin T, su ne mayaƙan da ke bin jiki suna duba fuskar kowace ƙwaya. A 1992, a Jami'ar Kiyoto ta Japan, ɗakin binciken Tasuku Honjo ya gano wani abu a jikin waɗannan mayaƙa ya sa masa suna PD-1, ba tare da sanin aikinsa ba. Sai da suka samar da ɓerayen da ba su da shi, suka ga garkuwar jikinsu ta juya tana cin gaɓoɓinsu da ƙodarsu, wasu ma zuciyarsu, sannan suka gane linzami ne. A Amurka kuma James Allison ya nuna a 1996 cewa in aka toshe wani linzamin na daban, CTLA-4, ƙari yana narkewa a jikin ɓera. Tsakanin 1999 da 2000 aka gano hannun da ke jan linzamin Honjo, wani furotin da lafiyayyun ƙwayoyin jiki ke ɗaurawa a fuskarsu don kada mayaƙa su taɓa su. Aka kira shi PD-L1. Ba a daɗe ba aka ga ƙwayoyin kansa da yawa sun cika fuskarsu da shi. Tsagar aro ke nan. Mayaƙi ya iso da mashi, ya ga alamar gida, ya juya. Honjo da Allison sun raba kyautar Nobel a 2018.

Maganin da aka haɗa ba ya kashe kansa da kansa. Shiga yake yi tsakanin linzami da hannun mai ja, doki ya sake. A 2012 Suzanne Topalian ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin irin wannan magani, nivolumab, a kan mutum 296 da sauran magunguna suka gaza a kansu. Cikin masu kansar huhu 76, ƙarin 14 ya ja baya, wasu kuma ya daɗe bai dawo ba. Ga cutar da aka ce ba ta jin kira, wannan ya girgiza masana. Amma akwai wasu layuka biyu a rahoton da suka fi wannan nauyi. Na farko, an duba tsokar ƙarin mutum 42: cikin 25 masu ɗauke da PD-L1, tara sun samu sauƙi, cikin 17 marasa shi ko ɗaya bai samu ba. Na biyu, mutum uku sun mutu da kumburin huhu da maganin ya jawo. Duk abin da aka yi daga wannan shekara zuwa yau, bin sawun waɗannan layuka biyu ne.

Kamfanin da ke da wani maganin irinsa, pembrolizumab, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda, ya jingina kasuwancinsa kacokan a kan layin farko. Aka tsara gwaji: a gutsuro ɗan yankin ƙarin, a yanka shi siriri, a shafa masa rinin da ke kama PD-L1 kaɗai, likitan binciken tsoka ya sa a madubi ya ƙirga kashi nawa na ƙwayoyin kansar suka rinu. A gwajin 2015 mai mutum 495, kusan kashi 19 cikin 100 ne suka samu sauƙi in an haɗa kowa da kowa, amma cikin waɗanda rabin ƙwayoyinsu ko fiye suka rinu, abin ya kai kashi 45. Nan aka ja layi a kan 50. A gwajin da aka buga a 2016 an ɗauki mutum 305 da suka haye wannan layi, aka ba rabi sabon maganin, rabi kemo, wato maganin kansar da aka saba bayarwa. Bayan shekara biyar kusan kashi 32 na rukunin farko suna raye, na biyun kashi 16. Ga cutar da in ta bazu ba a cika kai shekara da ita ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai alamar ta fara nuna halinta tun da wuri. Fiye da rabin masu tsaga cikakkiya ba su samu sauƙi ba, kuma wasu marasa ita sun samu, abin da ya rushe tsabtar lissafin 2012. A sari ƙari ta gabas a samu 60, a sare shi ta yamma a samu 5. A auna yau, a auna bayan kemo, lamba ta canja. Ga kuma abin dariya da ba na dariya ba: kowane kamfani ya fito da rininsa da ma'auninsa, har huɗu, kamar kasuwar da kowane ɗan awo ya zo da tiyarsa. Sai da aka zauna a 2017 aka gwada su a kan tsoka guda, aka ga uku sun yi kusa da juna, na huɗun yana rage mudu.

Aka nemi alama ta biyu. A 2015 Naiyer Rizvi da abokansa a Niyok suka karanta kundin gadon ƙarin mutum 34. Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da rubutun da ta gada, kuma duk sanda ta rabu biyu sai an kwafe shi. Hayaƙin taba yana sa mai kwafin tuntuɓen alƙalami. Almajiri ya san allon da kure ya yi wa yawa ko daga nesa malam yake gane shi. Haka ƙwayar da kurakuranta suka yi yawa take fita daban a idon mayaƙan jiki. Sakamakon ya zo da abin da ba a so a faɗa da ƙarfi: ƙarin mashaya taba ya fi jin wannan magani fiye da na waɗanda ba su taɓa sha ba. Kada mai sigari ya yi murna, tabar ce ta fara jefa shi ramin. Wannan awo na yawan kurakurai ya yi tashe, sannan ya yi tuntuɓe: a farkon 2019 wani kamfani ya janye takardar neman izinin da ya gina a kansa, don masu kurakurai da yawa da masu kaɗan sun tashi kusan kunnen doki a amfanin da maganin ya yi musu wajen tsawon rai. Duk da haka hukumar magunguna ta Amurka ta amince da awon a 2020, ta ja layi a kan kure goma cikin kowane harafi miliyan.

Wasu alamomin kuma hani suke yi. Mai kansar da wani kure guda a ƙwayar gado mai suna EGFR ya haifar, wadda ta fi yawa ga mata da marasa shan taba, ba ya cika amfana, kuma yana da nasa ƙwayoyin sha da suka fi masa. In aka yi gaggawar sa masa ruwan garkuwa sannan aka bi shi da osimertinib, ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi, an ga a 2019 shida cikin 41 sun yi mummunan kumburi. Jerin yadda aka ba da magungunan kaɗai ya isa ya kwantar da mutum.

Layi na biyu na rahoton 2012 ya fi wuyar bi. Dokin da aka cire wa linzami ba ya bambance gonar maƙiyi da ta ubangijinsa. Mayaƙan kan far wa fata, ko hanji a yi ta gudawa har da jini, ko hanta, ko ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, ko su lalata inda ake yin insulin mutum ya wayi gari da ciwon suga na har abada. Uku zuwa biyar cikin ɗari kan yi kumburin huhu. A 2016 aka ba da rahoton mutum biyu da garkuwarsu ta cinye naman zuciyarsu cikin 'yan makonni, abin da ɓerayen Honjo suka nuna shekara goma sha biyar kafin nan. Ba ya yawan faruwa, amma in ya faru kusan rabi ba sa tashi. Wa zai faɗa wannan? An samu 'yan alamu. Mai tsohon tabo a huhu ya fi shiga haɗarin kumburin huhu. Wanda jininsa ke ɗauke da makaman da ke faɗa da tayirod tun kafin magani ya fi samun matsala a nan. A 2022 ƙungiyoyi biyu suka gano wani bambanci na gado kusa da ƙwayar IL7 da ke ƙara haɗarin. Babu ɗaya cikinsu da ya kai a ce wa majiyyaci kai kam kada ka karɓa. Wani abin da ya ƙara dagula lissafi, an lura waɗanda suka ɗan sha wahalar maganin sau da yawa su ne ƙarinsu ya fi ja baya, alamar dokin ya tashi da gaske.

To mu dawo gida, don a nan ne labarin ya fi ciwo, kuma ba kuɗi kaɗai nake nufi ba.

A lissafin hukumomin duniya, masu kamuwa da kansar huhu a Najeriya ba su kai dubu biyu a shekara ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan ɗari biyu. Masu tarin fuka kuwa wajen rabin miliyan ne. Ban yarda lambar farko tana faɗin yawan masu cutar ba. Yawan waɗanda suka kai gaban madubi take faɗa. Dattijo a ƙauyen Isa ya yi wata uku yana tari, ya rame, ya fara kakin jini. Kowa ya san sunan wannan, tarin fuka, har ma'aikacin lafiya, kuma sau tara cikin goma yana da gaskiya. A gwada kaki a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ko ba a ga komai ba hoton ƙirji ya nuna inuwa, sai a ɗora shi a kan maganin wata shida. In wata shida ya cika bai warke ba, a ce ko mai taurin kai ne, ko a ce sammu. Kafin wani ya ambaci kansa, ya tara kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ƙafa ta riga ta kumbura. Wannan ma a lokacin zaman lafiya ke nan. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, dubban mutanen yankin suka tsallaka jihar Maraɗi daga 2019, aka ƙone matafiya a mota a ƙasar Sabon Birni a Disambar 2021, tafiya asibiti ta zama abin da ake yin istihara a kansa. Matar da ta shekara arba'in tana shaƙar hayaƙin kara da itace a madafa, ba ta taɓa riƙe sigari ba, ita ba a ma kawo ta a lissafi.

A ce dattijon ya isa, an gutsuro tsokar, an tabbatar. A nan tambayar da ba a cika yi ba take tasowa: alamomin nan da aka sha wahalar tarawa, a jikin wa aka auna su? A manyan gwaje-gwajen 2015 baƙaƙen fata ba su wuce biyu ko uku cikin ɗari ba, kuma babu asibitin Afirka ta Yamma ko ɗaya a ciki. Ƙa'idar shiga irin waɗannan gwaje-gwaje ta saba ƙin mai ƙanjamau da mai ciwon hanta, da yawa kuma har da wanda ya taɓa yin tarin fuka. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan takwas cikin ɗari na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wato irin mutanen da ke cika layin asibitocinmu su ne aka tsayar a bakin ƙofa.

Tarin fuka ba ɓoye kansa kaɗai yake yi ba. Hankali zai ce in an saki mayaƙan jiki, ƙwayar tarin ma ta shiga uku. Akasin haka aka gani. A 2010 aka sa wa ɓeraye marasa PD-1 ƙwayar tarin fuka, suka riga masu linzami mutuwa, huhunsu ya ɓaci da faɗan da ya wuce kima. A 2016 likitoci a Japan suka ba da rahoton mai kansar huhu da tarin fuka ya taso masa yana kan nivolumab, wasu rahotannin suka biyo baya. A ƙasar da mutane da yawa ke ɗauke da ƙwayar tana barci a ƙirjinsu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kuma in sabuwar inuwa ta fito a hoton ƙirjin mai karɓar magani, abu uku ne ke kama da juna: kansar ce ta ci gaba, ko maganin ne ya kumbura huhu, ko tarin ne ya farka. Maganin na biyu, wato sitiroyid mai yawa, shi ne abincin na uku.

Awon yawan kurakurai ma yana da nasa son kai. Yawancin ɗakunan gwaji ƙarin kaɗai suke karantawa, sai su cire bambance-bambancen da aka san na gado ne ta hanyar duba rumbun bayanan mutane masu lafiya. Rumbun kuwa Turawa suka cika shi, alhali babu nahiyar da ta kai Afirka yawan bambancin gado. Sai na'ura ta ga abin da Bagobiri ya gada daga kakanninsa lafiya lau, ba ta same shi a rumbu ba, ta rubuta shi a matsayin kuren kansa. Wani bincike da aka buga a 2022 daga Boston ya tabbatar da haka: awon yana kumbura lambar 'yan asalin Afirka fiye da ta Turawa, ya sa a ɗauka za su amfana alhali ba haka ba ne. An karanta tsagar gado a matsayin ta aro.

Har awo mafi araha bai tsira ba, kuma wannan ya fi ba ni takaici, domin shi ne wanda babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya yi. A 2018 masu bincike a cibiyar Gustave Roussy ta Faransa suka nuna cewa gwajin jini na yau da kullum yana ba da haske: in wasu fararen ƙwayoyi da ake kira nitrofil suka rinjayi sauran, kuma wani sinadari mai suna LDH ya hau, ba a cika jin daɗin maganin ba. To fiye da tara cikin goma na mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, gadon da ya kare kakanninmu daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, kuma tun wajen 2008 aka san masu wannan gado nitrofil ɗinsu a jini ya fi na Bature ƙaranci ba tare da wata cuta ba. LDH kuwa zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, sikila ma haka. Ma'aunin da aka yanka a Faris, in aka ɗora shi a kan jinin mutumin bakin gulbin Rima a tsakiyar damina, ta kowane ɓangare yana iya karkacewa.

Akwai kuma abin da ke hannunmu. A farkon 2018 ƙungiyar Laurence Zitvogel ta duba mutum 249 masu karɓar irin wannan magani, 69 cikinsu sun sha maganin kashe ƙwayoyin cuta dab da farawa, kuma su ne suka fi saurin mutuwa. Suka gano cewa ƙwayoyin da ke zaune lafiya a hanji suna da hannu wajen tayar da mayaƙan jiki, har suka ɗebi bayan gidan waɗanda suka samu sauƙi suka sa wa ɓeraye, maganin ya yi aiki a jikin ɓerayen. A shekarar kuma wani binciken ya nuna masu shan sitiroyid kafin farawa ba su cika amfana ba. Yanzu a tuna hanyar da mai tari ke bi a wajenmu kafin ya ga likita: kafso ja-da-yalo daga tiren mai talla, allurar kemis, wata shida na maganin tarin da ba shi da shi, ga 'yan ƙwayoyin sha-ka-fashe da ake ba wanda ya rame don ya yi kumari. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Amma duk wanda za a sa wa ruwan nan, ya kamata a tambaye shi abin da ya haɗiya a watannin baya, shi ma ya faɗi gaskiya.

Maganar kuɗi gajeriya ce don kowa ya san ta. Cinikin Keytruda ya haura dala biliyan 29 a 2024, a shekarar babu maganin da ya kai shi kawo kuɗi a duniya, kuma ana ɗaura shi ne duk mako uku har shekara biyu. Ko an sayar da gona da shanu ba a kai rabin hanya ba. Likitocin asibitin Tata da ke Mumbai a Indiya, da suka ga majiyyatansu ba za su iya ba, sai suka gwada miligiram 20 na nivolumab, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da aka saba bayarwa, a kan masu kansar baki da maƙogwaro, tare da wasu ƙwayoyi masu araha. Waɗanda suka kai shekara suka tashi daga kashi 16 zuwa 43. Ba huhu ba ne, amma irin tambayar da talaka ke buƙatar a yi ke nan, kuma ba daga masu sayarwa za ta fito ba. Haƙƙin mallakar pembrolizumab zai fara ƙarewa a 2028, kamfanoni da dama suna shirin fito da irinsa.

A watan Satumbar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa pembrolizumab cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada domin kansar huhu da ta bazu. Ta ɗaura sharaɗi: sai wanda rabin ƙwayoyin ƙarinsa ko fiye suke ɗauke da PD-L1. Wannan sharaɗi yana nufin sai an samu mai zura allura ko bututu cikin ƙirji ya gutsuro tsoka, a jefa ta nan take cikin ruwan fomalin, kada ta gaza awa shida a ciki, kada kuma ta wuce kwana uku, in ba haka ba rinin zai yi ƙarya. Sai an samu rinin da aka ajiye a sanyi ba tare da wuta ta yanke masa ba, da likitan da zai zauna gaban madubi ya ƙirga aƙalla ƙwayoyin kansa ɗari ɗaya bayan ɗaya. Daga Isa, mafi kusa da za a fara neman wannan shi ne Sakkwato, ko Katsina inda aka buɗe sabuwar cibiyar kansa a 2025, ko Shika ta Zariya, in direba ya ce yau hanya ta buɗe.